Gumi da Gazuwal: Tarihin Aiki a Ƙasar Madarunfa



Kowane aiki abu biyu yake ci: ƙarfin mutum da makamashi, wato itace, gazuwal, lantarki ko abincin dabba. Tarihin ƙasarmu ya nuna cewa sau da yawa in ɗaya ya ragu, ɗaya ya kan ƙaru.

A zamanin kakanninmu hauya da turmi da guga su ne kayan aiki. Ba a sayen mai, amma ana biya da gumi, shi ya sa gandu ke son hannuwa da yawa, kuma gayya ta zama dole.

Bayan fari na 1973 da 1974, hukuma ta ƙarfafa noma da shanu. UNCC, wadda aka kafa a 1962, da Projen Maraɗi sun ba da bashin garma da amalanke. Shanu sun rage wahalar huɗa da dako, sai dai sa yana cin abinci ko ranar da bai yi aiki ba. Daga nan harawa da karan hatsi suka ƙara daraja a kasuwa.

A noman rani kuwa, an kafa ONAHA a 1978, sannan a farkon shekarun 1980 aka buɗe filin Jiratawa, mai kimanin hekta 500, inda famfunan lantarki ke ɗago ruwa daga rijiyoyin burtsatse. Jan guga ya ragu, amma kuɗin wuta ya shiga lissafin kowane manomi.

Ga lissafin a taƙaice: lita ɗaya ta gazuwal a cikin inji tana yin aikin da ƙato zai kwashe kwana biyar yana yi. Dalilin da ya sa mata suka rungumi injin niƙa ke nan, kuma sun yi gaskiya. Amma farashin wannan lita ba a hannunmu yake ba. Mun gani a 1994 da aka karya darajar sefa. Mun sake gani a 2023, lokacin da Nijeriya ta janye tallafin fetur, man da ke shigowa ta Ɗan Isa ya yi tsada, kuma a watan Agusta aka yanke lantarkin da ke zuwa daga can.

A madafa ne kawai ragin biyu ke tafiya tare. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafin wuta a banza. Ingantaccen murhu yana rage itace, ya rage wa mata tafiya, ya kuma sassauta wa dajin Baban Rafi.

Saboda haka, kafin ƙungiya ta sa kuɗin da ƴan ci-rani suka aiko a cikin wani inji, mu yi tambaya uku. Gumin wa zai rage? Me zai ci kullum, kuma daga ina? Wanda ya huta, wane aiki zai kama? Famfo mai aiki da hasken rana yana da tsada ranar saye, amma ba ya jiran mai daga iyaka. Sai dai yana bukatar mai gyara, don haka mu tura yaranmu su koya.

Muna jiran shawarar dattawa a taro mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.