Mujallar da ta yi gudun hijira

Makon jiya bayan la'asar, a shagon Baba, aka ta da maganar mu riƙa buga 'yar mujalla ta 'yan kasuwarmu, har wani ɗan siyasa ya aiko cewa zai ɗauki nauyin bugawa. Kowa ya yi murna. Ni kuwa labarin Transition ne ya faɗo mini a rai.

Rajat Neogy ne ya kafa mujallar a Kampala a 1961, yana ɗan shekara 22. Iyayensa Indiyawa ne da suka zauna a Uganda, wato shi ma ɗan baƙi ne kamar mu. Manyan marubuta irin su Chinua Achebe sun yi rubutu a cikinta, kuma ba ta jin tsoron taɓa masu mulki.

A 1967 asiri ya tonu. Ƙungiyar da ke ba ta kuɗi, Congress for Cultural Freedom, ashe hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ke zuba mata. Neogy ya ce sam bai san tushen kuɗin ba, kuma ni na yarda da shi. To amma fa, mai karatu, gwamnatin Milton Obote ta riga ta samu sandar duka. Duk sukar da mujallar ta yi sai a ce aikin 'yan koren Turawa ne. A Oktoban 1968 aka kama Neogy tare da ɗan majalisa Abu Mayanja kan wata wasiƙa da ta soki gwamnati a kan maganar alƙalai. Kotu ta wanke su a 1969, amma ba a sake su nan take ba.

Daga nan mujallar ta koma Accra a 1971. Wole Soyinka, wanda shi ma yake zaman hijira bayan fitowarsa daga kurkukun Gowon, ya karɓe ta, ya yi ta caccakar Idi Amin, ya sauya mata suna zuwa Ch'indaba. Rashin kuɗi ya kashe ta a 1976. Sai a 1991 aka farfaɗo da ita, a Amurka.

Na kawo wa Baba wannan labari. Ya yi shiru, can ya ce a lissafa nawa buga kwafi ɗari biyu zai ci, a ga ko karo-karonmu na wata zai isa. Ranar Juma'a za a sake zama, ni aka ɗora wa lissafin.