Wutsiya, Kaza da Farar Ƙwallo

A teburin sinuka akwai ƙwallo guda wadda ba ta da lamba, ba ta da maki, in ta faɗa rami ma laifi ne. Ita kaɗai sanda ke taɓawa, sauran duk sai ta motsa su suke motsi. Me ya dace a kira ta?

Bature ya ce *cue ball*, ƙwallon sanda. Bafaranshe ya dubi launinta ya ce *bille blanche*, fara. Mutumin Rasha ya dubi aikinta ya ce *bitok*, mai duka. A Japan *tedama* ce, ƙwallon hannu, alhali ana tsakar wasa hannu bai isa ya taɓa ta ba sai wani ya yi laifi. Sinawa kuwa *muqiu* suke cewa, uwar ƙwallo. Wannan ya fi ba ni dariya: wace irin uwa ce ke tarwatsa 'ya'yanta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tura su rami?

Mu sai mu ce "fara". Ko "fari" ne? Ƙamus ya ajiye ƙwallo a sahun maza, masu sharhin wasa a rediyo kuma sun dage kan "ta shiga raga". Sai dai ko su ba ka jin sun ce "ƙwallar ƙafa", don ƙwallar ta ido ce. Ni dai masu rediyo na bi.

Shi *cue* ɗin ba sanda yake nufi ba tun asali. *Queue* ce ta Faransanci, wutsiya. Da can da wata sanda mai faffaɗan kai ake tura ƙwallo. In ƙwallon ta manne da gefen tebur kan ba ya samun shiga, sai ɗan wasa ya juya sandar ya buga da wutsiyarta. Sannu a hankali aka ga wutsiyar ta fi kan iya aiki, aka yar da kan. Kalmar nan dai ita ce Turawan Ingila ke kiran layin banki da ita.

*Pool* kuma daga *poule* ta fito, kaza, sunan da 'yan cacar Faransa suka ba kuɗin da kowa ya zuba a tsakiya. A Amurka ta ƙarni na 19, ɗakunan cacar sukuwa su ne *poolroom*. Aka riƙa ajiye musu tebura don masu jiran sakamako su rage zaman banza, teburin ya gaji sunan ɗakin. A Najeriya kalmar ta tsaya wajen cacar ƙwallon ƙafa, sinuka kuma ta haɗiye kowane tebur mai rami shida. Yawancin na unguwanninmu, masu ƙwallaye 15 da fara guda, a ƙa'ida ba sinuka ba ne, don ita da ƙwallaye 22 ake yin ta. Hafsoshin Ingila ne suka ƙirƙiro ta a Jabalpur ta Indiya a 1875, kuma a bakinsu *snooker* zolaya ce ga sabon shiga makarantar soja ta Woolwich, ɗan koyo wanda bai san dawan garin ba.

Kafin zamanin roba, ƙwallon kirki na hauren giwa ne. 'Yan kasuwar Landan na kiran ƙananan hauren da suka fi dacewa da wannan aiki *scrivelloes*, kuma haure guda 'yan ƙwallaye kaɗan yake bayarwa, domin dole a yanko kowace ta yadda hanyar jijiyar hauren za ta ratsa tsakiyarta, in ba haka ba sai ta riƙa karkata. Fataken Hausawa na cikin wannan ciniki: a ƙarni na 19 suna shiga Adamawa sayen haure, wani ya bi ta Kano ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, wani ya gangara ta Binuwai zuwa hannun kamfanonin Turawa.

Haure kuwa bai daina halin abu mai rai ba don an sassaƙa shi. Yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ba daidai yake yi ta kowane ɓangare ba. Sai an ajiye shi wata da watanni ya huce kafin a gama sassaƙa, duk da haka in aka fito da shi daga ɗaki mai sanyi zuwa mai zafi yana iya tsagewa.

A nan kalmarmu ta yi abin mamaki. Ƙwallo tun farko na goruba ne da na mangwaro, abin da ke saura bayan an cinye naman. Ƙwallon goruba kuwa fari ne mai tauri a ciki, har a Eritiriya zamanin mulkin Italiya an yi masana'antun maɓallan riga da shi, Turawa na kiran irinsa hauren giwa na tsiro. Ya yi ƙanƙanta ga tebur, ga kuma kogo a cikinsa, amma sunan ya dace fiye da yadda muka zata.

A 1863 kamfanin Phelan and Collender na New York ya sa kyautar dala 10,000 ga duk wanda ya samo madadin haure. Wani ma'aikacin ɗab'i a Albany, John Wesley Hyatt, ya shiga nema, a 1869 ya yi rajistar ƙwallon da ya lulluɓe da *collodion*. Tushen wannan suna manne ne a Girkanci, amma abin da kansa ɗan'uwan audugar bindiga ne, wato audugar da aka jiƙa da asid har ta koma makamashi. Hyatt da bakinsa ya ba da labari a 1914 cewa wani mai mashaya a Colorado ya rubuto masa: in ƙwallayen suka gwabza da ƙarfi sukan yi ƙara tas, shi ƙarar ba ta dame shi ba, sai dai duk wanda ke ɗakin nan take yake zaro bindiga. Daga wannan bincike aka samu *celluloid*, wanda daga baya ya zama fim ɗin silima.

Wanda ya raba gardama shi ne Leo Baekeland, haifaffen Ghent ta Beljiyam, da ya haɗa sinadaran finol da fomaldehaid a Amurka a 1907, ya yanka wa abin suna daga nasa: Bakelite. Finol daga *coal tar* aka fara tace shi, kalmar da muka mayar kwalta. Tushen sunansa a Girkanci haskakawa ne, saboda alaƙarsa da iskar gas ta fitilun titi. Fomaldehaid kuwa jikan *formica* ne, tururuwa a Latin, don daga jikin tururuwa aka fara tatso asid ɗin da ya ba shi suna. Kwalta da tururuwa ke nan, a cikin abu mafi fari a kan tebur.

Roba za mu ce da shi ko ƙaro? Roba a bakinmu ta ɗauki taya, ta ɗauki bokiti, ta ɗauki danƙon baka. Bature *resin* ya ce, wanda asalinsa ruwan da itace ke zubarwa ya daskare, wato ƙaro. Na fi son ƙaro, don ya raba mu da bokiti. Robar bokiti in ta ji wuta narkewa take yi, a sake zuba ta. Wannan kuwa kamar ƙwai ne, da zarar ya dahu ba ya komawa ruwa.

Mafi yawan ƙwallayen gasa daga ƙauye guda suke fitowa, Callenelle a Beljiyam, inda kamfanin Saluc, da aka kafa a 1923, ke yin su da sunan Aramith. Ana zuba ƙaron yana ruwa-ruwa cikin mazubi, a gasa shi kwana da kwanaki har ya ƙanƙame tun daga tsakiya, a fito da shi a wasa, a goge har ya yi ƙyalli, sannan a auna. Kamfanin ya ce aikin kan kai kwana 23. Ƙa'idar gasar *pool* ita ce faɗin milimita 57.15, nauyi tsakanin giram 156 da 170. Farar da ake nunawa a talabijin an ɗiga mata jajayen ɗigo shida don mai kallo ya ga yadda take juyi, 'yan wasa suka laƙaba mata mai ƙyanda.

Saura karyewa, in karyewa ce. Turanci kalma guda gare shi, *break*, ita ce bugun buɗe wasa, ita ce lalacewar ƙwallo, ita ce ta sanda. Hausa ba ta yarda da wannan ba. Sanda ce ke karyewa, don doguwa ce. Ƙwallo sai dai ta ɓantare, ta tsage, ta dare, ko ta fashe, kuma kowanne da dalilinsa. Bugun farko dai mun yarda fasawa ne, irin ta fasa taro.

Darewa gida biyu yawanci daga ciki take farawa. Ƙwallaye masu arha da foliyesta ake zuba su, in kumfar iska ta maƙale a ciki, ko gashin bai kai tsakiya ba, nan rauni yake kwance. Kowane bugu na ƙara wa 'yar tsagar tsawo, ido bai gani ba, sai ranar da wani ya zage ƙarfi wajen fasa taro ta rabe, a ce ƙarfinsa ne. Ita fara a kowane bugu tana ciki, ta sha daga sanda ta sha daga 'yan'uwanta, shi ya sa take riga su tsufa. Teburan da ake jefa wa kwabo suna da nasu ƙarin: domin injin ya gane ta ya dawo da ita, ko dai a bambanta girmanta, ko a saka mata ƙarfe a ciki don maganaɗisu ya ja ta gefe. Ƙarfe da ƙaro ba sa buɗewa da tsukewa daidai in zafi ya sauya, mahaɗarsu sai ta zama wurin rauni.

Tsagewar fuska ta rana ce da sinadarin wanki mai kaifi da shekaru. Ɓantarewa kuwa ta waje ce zalla: ƙwallo ta yi tsalle daga tebur ta sauka a kan siminti, ko ta ci karo da kan ƙusar da ta leƙo a bakin rami. Mai tebur da ya san aikinsa yakan bi jikinta da farce, in farcen ya tsaya a wani wuri sai ya cire ta daga wasa, ko da ɓantarar ba ta kai ƙwayar gero ba. Kaifin nan yana yagar ƙyallen tebur a duk juyi, sabon ƙyalle kuwa ya ninka kuɗin fara sau da yawa.