Ilimin Haila da Lafiyar Haihuwa a Tsakanin Mata 'Yan Gudun Hijira: Nazari a kan Jihar Maraɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsayin ilimin haila da na lafiyar haihuwa a cikin ƙa'idojin agajin jinƙai, ta auna su da halin matan da suka tsallaka daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi ta Nijar tun daga 2019. An bi hanyar nazarin takardu. Maƙalar na ganin cewa gudun hijira na rusa hanyoyin da 'ya mace ke samun wannan ilimi a gida, kuma rabon kaya kaɗai ba ya maye gurbinsu.

Gabatarwa

A 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga arewa maso yammacin Nijeriya zuwa yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara. Maimakon kafa babban sansani irin na Minawao a Kamaru ko na Sayam Foraj a Difa, gwamnatin Nijar da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun zaunar da wasunsu kusa da garuruwa uku da ke nesa da iyaka: Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Baƙi da masu masauki harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kuma auratayya ta daɗe a tsakaninsu. Wannan ya sa Maraɗi ta dace da nazari, domin ba za a ɗora laifin gazawar saƙo a kan bambancin harshe ba.

Abin da ƙa'idoji suka tanada

Tun 2001 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta sanya samar da kayan tsaftar al'ada cikin alƙawura biyar da ta ɗaukar wa mata 'yan gudun hijira. Kundin ƙa'idojin agajin jinƙai na Sphere na 2018 ya fayyace ma'auni: audugar mata 15 a wata, ƙarin sabulu giram 250, makewayi ɗaya ga mutum 20, da ruwa aƙalla lita 15 ga kowa a kullum. Jagoran da Jami'ar Kolumbiya da ƙungiyar agaji ta IRC suka fitar a 2017 ya kasa aikin gida uku, wato kaya, wurin kama ruwa mai sirri, da ilimi.

Matsalar tana cikin tsarin. Kunshin ayyukan gaggawa na lafiyar haihuwa, wanda ake kira MISP, ya tsaya ne a kan kare mata daga fyaɗe, daƙile cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, rage mutuwar uwa da jariri, da hana cikin da ba a shirya masa ba. Haila ba ta cikin manyan manufofinsa. A kundin Sphere an ajiye ta a babin ruwa da tsafta. Injiniyan ruwa zai iya ƙirga famfo da makewayi, amma ba aikinsa ba ne ya bayyana wa yarinya mai shekara 12 dalilin ciwon mara. Daga cikin ginshiƙan nan uku, ilimi ne ba shi da uban ɗaki, kuma shi ne ya fi wuyar shiga rahoton da ake auna shi da adadi.

Inda ilimin yake kafin hijira

A gidan Bahaushe, ba uwa ce ta saba buɗe wannan magana ba, musamman da 'yar fari, saboda alkunya. Kaka, gwaggo, yaya ko matar wa su ke nuna wa yarinya yadda ake naɗa ƙunzugu, a wanke shi, a shanya shi inda idon namiji ba ya kaiwa. Ungozoma kuma ita ke riƙe da sha'anin goyon ciki da jego. Idan gari ya watse, wannan sarƙa ke fara tsinkewa. Kaka ta tsaya a baya ko ta rasu a hanya, gwaggo ta faɗa wani ƙauye, yarinya ta ga jininta na farko a tanti ɗaya da mahaifinta da 'yan'uwanta maza. Babu ɗakin da za ta ɓoye tsumma, babu wadda za ta tambaya. Wannan rashi ne na gaske, ko da ba ya fitowa a jadawalin kayan da aka raba.

Hanya ta biyu ita ce makaranta. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure da Islamiyya, irin su Ahalari da Risala, suna da babin haila: mai farawa tana zama har kwana 15, wadda ta saba tana ƙara kwana uku a kan al'adarta, abin da ya wuce haka jinin cuta ne. Ashe mace da ta yi wannan karatu ta riga ta iya ƙirga kwanakinta, ta kuma san akwai jinin da ba na lafiya ba. A ganina nan ne ma'aikacin lafiya ya kamata ya ɗora. Fiƙihu ya ce mai jinin cuta ta yi tsarki ta yi salla. Abin da ya rage a ƙara mata shi ne ta je asibiti, domin zubar jini da ta ƙi tsayawa na iya zama alamar ɓari ko ta jawo ƙarancin jini. Koyar da mata ta bakin mata ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasar Sakkwato, inda Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙarni na 19, jajojinta, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka.

Daga haila zuwa haihuwa

Ƙasar da ta karɓi 'yan gudun hijirar tana da nata nauyin. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, kuma kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. A halin hijira, jinin farko kan zama wa uba mara hali hujjar aurar da yarinya don neman mata mafaka. Ƙugun da bai gama girma ba da doguwar naƙuda su ne hanyar yoyon fitsari, cutar da aka buɗe wa asibiti na musamman a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012. Don haka darasin haila da ya tsaya a kan wanke ƙunzugu bai kai ko'ina ba, sai ya faɗa ƙarara cewa ganin jini ba shaidar isa ɗaukar ciki lafiya ba ne.

Tun tsakanin 2005 da 2006 Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa, awon ciki da magungunan tazarar haihuwa a matsayin kyauta. Matar da ta zo daga Isa ko Sabon Birni na jihar Sakkwato ba za ta san da wannan ba sai an gaya mata, kuma sau da yawa ba za ta fita ba sai da izinin miji. Makarantun mazaje da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara a jihar Damagaram an kafa su ne don wannan cikas, kuma tsari ne da za a iya ɗauka zuwa Garin Kaka ba tare da fassara ba. Bincike na gaba ya kamata ya shiga garuruwan uku, mata su yi hira da 'yan mata cikin Hausa, a tambayi kowace wa ya fara yi mata bayani, kuma kafin jinin ya zo ne ko bayansa.