Koyar da Jama'a Aikin Kumbunan Binciken Rana ta Ƙofar Kusufi: Nazari kan Diffa da Kwarin Komadugu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kayan koyarwa na zamani da hukumomin sararin samaniya ke samarwa game da kumbunan binciken rana, wato hotuna da bidiyo da manhajojin da mai kallo ke sarrafawa da hannunsa, ta auna su da halin da garin Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu Yobe ke ciki. Hujjarta ita ce kayan sun ginu kan zaton mutum ɗaya da allo ɗaya da intanet mai ƙarfi, kuma zaton bai dace da yankin ba. Ta ba da shawarar a fara darasi daga kusufin rana, a sauke ainihin hotunan kumbuna a waya, a sarrafa su a cikin taro.

1. Gabatarwa

Ranar 24 ga Disamba 2024, kumbon Parker na hukumar NASA ta Amurka ya ratsa kimanin kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana, yana gudun da ya kai kusan kilomita 692,000 a sa'a. Babu wani abu da ɗan'adam ya ƙera da ya taɓa kusantar rana haka. An harba shi ranar 12 ga Agusta 2018, da sunan Eugene Parker, masanin da ya bayyana a 1958 cewa rana na fesa iskar ƙwayoyi masu lantarki ba dare ba rana. Kafin kumbon Parker akwai kumbunan SOHO, haɗin gwiwar Turai da Amurka tun Disamba 1995, da SDO na 2010. Bayansa Solar Orbiter ya tashi a Fabrairu 2020, Indiya kuma ta harba Aditya-L1 a Satumba 2023.

Batun bai yi wa Nijar nisa ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo (1929–1991), wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin makamashin rana ne da ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, kuma littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira a koyar da yara da harsunansu. Waɗannan damuwoyi biyu na marigayin, rana da harshe, su ne ginshiƙin wannan nazari.

2. Kayan da ake da su da zaton da ke ƙarƙashinsu

Manhajar Eyes on the Solar System tana bai wa mai kallo damar bin kumbo a kan hanyarsa, ya juya shi, ya tura lokaci gaba ko baya. Helioviewer kuwa ya fi amfani ga malami: mutum zai zaɓi rana da sa'a, ya ɗora hotunan SDO da SOHO bisa juna, ya haɗa gajeren bidiyo da kansa. Duka biyun kyauta ne. Sai dai duka biyun na cin data, bayanansu da harsunan Turai suke, kuma an tsara su ne don mai zama shi kaɗai gaban allo.

A Diffa abin ya sha bamban. Tun harin Boko Haram kan Bosso da Diffa a Fabrairu 2015 da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, dubban iyalai sun bar bakin kogi zuwa matsugunan gefen babbar hanya ta ɗaya, makarantu da dama sun rufe ko sun ƙaura, sansanin Sayam Forage kuma ya karɓi 'yan gudun hijira daga Borno. Ambaliyar Komadugu ta 2019 ta ƙara tarwatsa gidaje da gonakin tattasai. Wayar hannu ita ce allon da ya fi yawa, kuma sau da yawa mutum biyar ko shida ke leƙa ta a lokaci guda. Bidiyo na yawo ta katin memori da Xender da wurin masu cajin waya fiye da yadda yake saukowa daga intanet. Ga kuma harsuna: Barebari, musamman Manga da Mobar, su ne mafi rinjaye a kwarin, tare da Fulani da Tubawa da Larabawa, Hausa na haɗa su a kasuwa.

Haɗuwa kan waya ɗaya ba naƙasu ba ne kaɗai. Allon da mutum shida ke kallo yana haifar da gardama da tambaya, abin da mai kallo shi kaɗai ba ya samu. Aikin mai tsara darasi shi ne ya mai da sarrafa hoton aikin taro.

3. Kusufi a matsayin ƙofa

Babbar tambayar da aka aika Parker ya amsa ita ce ta rawanin rana, wato siririn hasken da ke kewaye da ita. Fuskar rana na da zafin kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, amma rawanin, da ya fi nisa daga tushen wuta, ya haura digiri miliyan ɗaya. Ido ba ya ganin rawanin sai a cikakken kusufi.

Nan ne yankinmu ke da gata. Ranar 29 ga Maris 2006 inuwar wata ta bi ta Gusau da Katsina, ta ratsa Nijar zuwa arewa maso gabas, ta shiga Chadi da Libiya. Diffa ba ta kan tsakiyar hanyar, amma wata ya rufe babban ɓangare na rana da hantsi, kuma manya na iya tunawa. Sannan kusufi ba ya buƙatar gabatarwa a wurin Musulmi: akwai sallarsa, malamai kuma na karantar da cewa ba ya faruwa don mutuwar wani ko haihuwarsa. Mai koyarwa da ya fara daga nan ya sami liman a gefensa tun kafin ya ambaci kumbo.

Daga kusufi zuwa SOHO taki ɗaya ne. A 1930 Bafaranshe Bernard Lyot ya ƙirƙiro na'urar da ke sa ɗan faifai ya tare fuskar rana a cikin madubin hangen nesa, ya zama kusufin da mutum ya haɗa. Irin wannan na'ura ce LASCO da ke cikin SOHO, kilomita miliyan 1.5 daga duniya a ɓangaren rana. A hotunanta ana ganin da'ira a tsakiya, rawanin na miƙewa a gefe, wani lokaci kuma gajimaren wuta ya tumbatso ya bazu. Tawagar Proba-3 ta Turai, da aka harba daga Indiya a Disamba 2024, ta ƙara gaba: kumbuna biyu ne ke tafiya da tazarar kusan mita 150, ɗaya na yi wa ɗaya inuwa, kamar yadda mutum ke kare ido da tafin hannu don ya hangi mai tahowa.

4. Tsarin da ake ba da shawara

Mataki na farko ba ya buƙatar lantarki. A filin makaranta a auna mita 100 a matsayin kilomita miliyan 150 da ke tsakanin rana da duniya. A wannan ma'auni rana da'ira ce mai faɗin santimita 93 da za a zana a yashi, duniya kuma ba ta kai santimita ɗaya ba. Yaron da ke wakiltar SOHO zai tsaya mita ɗaya daga duniya; wanda ke wakiltar Parker sai ya taka har saura mita huɗu ya isa rana. A nan ake tambayar taron me zai hana shi ƙonewa, kafin a nuna garkuwarsa ta gawayin kabon mai kaurin santimita 11.4, wadda aka tsara ta jure kusan digiri 1,400 yayin da na'urorin bayanta ke cikin inuwa.

Mataki na biyu shi ne na waya. Wani mai intanet, misali a Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014, zai sauke jerin hotunan SDO na kwana goma sha huɗu a jere, ya rarraba. Mahalarta za su riƙa tura hotunan da yatsa, su bi baƙin tabo ɗaya daga gefen rana zuwa ɗaya gefen, su ƙiyasta da kansu cewa rana na juyawa sau ɗaya cikin kusan kwana 27. Marubucin na ganin wannan ya fi kowane zanen kwamfuta mai ƙyalli daraja, domin sakamakon daga hannun mahalarta ya fito, daga hoton gaskiya mai kwanan wata. Jerin da ya fi dacewa da LASCO shi ne na farkon Mayu 2024, lokacin da rana ta yi aman da ya jawo guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi cikin shekara ashirin. Darasin da ke ciki: haske na isowa cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, gajimaren kuwa na ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku, wannan tazara ce ke ba da damar gargaɗi. A 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, irin Nijar, illar da aka fi sani ita ce rikicewar siginar GPS da rediyon gajeren zango.

Bayanin ya kasance murya ce da aka naɗa da Barbarci da Hausa da Fulatanci, tunda rubutu kan allo na ware waɗanda ba su yi boko ba. Gidajen rediyon garin za su iya watsa muryar, su karɓi kiran masu tambaya.

5. Iyaka da gwaji

Haɗari ɗaya ba ya karɓar sassauci: darasin da ya sa yara sha'awar rana zai iya sa su kalle ta kai tsaye, ido ya lalace. Baƙin tabarau da gilashi mai hayaƙi ba kariya ba ne. Hanya mai aminci ita ce huda ƙaramin rami a kwali a bar hasken ya faɗa kan farar takarda. A tazarar mita ɗaya hoton rana zai kai kusan milimita tara.

Tsarin shawara ce da ke jiran gwaji, kuma akwai lokacin da ya dace. Ranar 2 ga Agusta 2027 cikakken kusufi zai ratsa arewacin Afirka ta Libiya da Masar, Diffa kuma za ta ga wani ɓangare nasa, a tsakiyar damina, don haka hadari na iya rufe shi. Ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi mai sauƙi ne: a tambayi mahalarta kafin darasi da bayansa me ke rufe rana a kusufi, me da'irar tsakiyar hoton LASCO take yi, sannan a kwatanta amsoshin waɗanda suka tura hotuna da yatsunsu da na waɗanda aka nuna wa bidiyo kawai.