Shirun Kunya da Awon Fahimtar Zuci a Larurar Ɗabi'a Mai Tangal-tangal: Nazari Daga Ƙasar Ketare

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin ma'aunai huɗu da ake gwada fahimtar zuci da su, wato iya gane niyya da tsoro da burin da ke bayan aikin mutum, a wurin masu larurar ɗabi'a mai tangal-tangal, wadda likitoci ke taƙaitawa da BPD. An gano cewa wanda ya fi daraja a cikinsu yana iya lissafa kunyar Bahaushe a matsayin naƙasa.

Gabatarwa

Kundin DSM-5 na 2013 ya jero alamomi tara na wannan larura, samun biyar ya wadatar. Daga ciki akwai tsoron a guje wa mutum, da zumunci mai saurin tsami, da fushin da ba ya kamuwa, da cutar da kai. Tun da aka rattaba hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a Janairun 2023, batun kayan awo ya zama abin dubawa ga asibitoci irin na Kware da Barnawa da Dawanau. Tambayar ita ce: in aka zaunar da mutumin Ketare ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara a gaban waɗannan ma'aunai, me suke aunawa?

Bitar Ayyukan Magabata

Peter Fonagy da Anthony Bateman sun kafa ra'ayin cewa tushen larurar shi ne rushewar fahimtar zuci idan rai ya ɓaci. Binciken Fonagy na 1996 a asibitin Cassel da ke Ingila ya nuna cewa waɗanda aka cutar da su a ƙuruciya, kuma makinsu na fahimtar zuci ya yi ƙasa, su suka fi kamuwa. Sai dai sakamakon binciken da suka biyo baya bai zo bai ɗaya ba. Fertuck (2009) ya tarar masu larurar sun fi masu lafiya iya karanta idanu. Sharp (2011) ta tarar matsalar matasa masu alamominta ita ce wuce gona da iri wajen fassara niyyar wasu. Müller (2022) kuwa ya yi shakkar cewa tambayoyi takwas na ma'aunin fahimtar zuci na RFQ suna kama ɓangarori biyun da aka gina su a kai. Duk wannan muhawara a Turai da Amurka aka yi ta, kuma ta ɗauka cewa duk wanda ya gane zuciya zai furta.

Hanyar Bincike

An bi tsarin ba da maki na ma'aunin Fonagy na 1998, da gwajin idanu na Baron-Cohen na 2001, da fim ɗin MASC na 2006, da RFQ na 2016, aka gwada kowanne da ladubban zance na Hausawa.

Sakamako

Uku daga ciki matsalarsu a fili take. Gwajin idanu hotuna 36 ne na Turawa, kuma Adams (2010) ya nuna Japanawa da Amurkawa kowa ya fi iya karanta idon nasa. Balle yaron da aka hore shi kada ya zura wa babba ido. MASC fim ne na minti 15 a kan maza biyu da mata biyu da suka haɗu cin abincin dare, zaman da baƙo ne a karkarar Faskari. RFQ kuma yana buƙatar mai iya karatu.

Babban lamarin yana ga ma'aunin 1998. Ana hira da mutum a kan ƙuruciyarsa, a tambaye shi dalilin da ya sa iyayensa suka yi masa abin da suka yi, ko ya taɓa jin sun ƙi shi, sannan a ba shi maki daga -1 zuwa 9. Mai zurfafa bayani a kan zuciyar mahaifinsa ya haye sama. Wanda ya kauce ya faɗi ƙasa. To, a ƙasar Hausa tona zuciyar uba a gaban baƙo rashin tarbiyya ne. Ɗa zai ce, "Ai babba ya fi ni sani," ya sunkuyar da kai. Kirk-Greene (1974) ya lissafa kunya da haƙuri da ladabi cikin siffofin mutumin kirki, ga shi su ne za su jawo masa ƙaramin maki.

Ɗan fari ya fi kowa shiga wannan tarko. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a bainar jama'a. Mai ba da makin da bai san alkunya ba zai rubuta cewa an yi watsi da yaron, kuma ya girma ya kasa yin tunani a kai. Alhali ɗan ya san wannan kawaici so ne, kuma gane so a bayan kawaici shi ne ainihin abin da ma'aunin ke nema. Fahimtar tana nan. Al'ada ce ta hana ta fita ta baki.

Akwai kuskure na biyu ta ɗaya gefen. A yankin da aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, inda ake fargabar infoma a cikin gari, nazarin kallon maƙwabci dabarar tsira ce. Ma'aunin da ya kira shi wuce gona da iri zai jingina larura ga manomin Sabuwa mai cikakken hankali.

Iyakokin Bincike

Nazarin na takardu ne, ba a gwada marasa lafiya ba, kuma kunya ba ɗaya take ba tsakanin birni da ƙauye ko tsakanin maza da mata. Wannan bai taɓa hujjar ba, domin kuskuren a cikin ƙa'idar makin yake.

Kammalawa

Fassara tambayoyin zuwa Hausa ba za ta wadatar ba. A sauya wanda ake tambaya a kansa: aboki, ko kishiya, ko abokin wasa, waɗanda al'ada ta yarda a yi zancen zuciyarsu. A yi amfani da gajerun labarai na baka, masu ba da maki su kasance 'yan gida. Kafin a yi haka, kada a shigar da ƙaramin makin Bahaushe cikin hujjojin tabbatar masa da BPD.