Aktibin: Furotin Haihuwa da Ya Zama Mai Gadin Ƙwaƙwalwa

Waɗanda suka gano aktibin ba ƙwaƙwalwa ce a gabansu ba. Inhibin suke nema, wani furotin da aka yi hasashen samuwarsa tun 1932, mai rage fitar sinadarin da ke sa ƙwan mace ya nuna. Suna cikin tace ruwan da ke kewaye da ƙwayayen aladu mata, sai suka ci karo da ɗan'uwansa mai yin akasin aikinsa, wato ƙara sinadarin yake yi. A 1986 ƙungiyoyi biyu a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, ɗaya a ƙarƙashin Wylie Vale, suka bayyana shi, aka raɗa masa suna aktibin. Ana shiga 1990, David Schubert da abokan aikinsa a wannan cibiya suka nuna cewa ƙwayoyin jijiya da ake raino a ɗan faranti sun fi daɗewa da rai idan an zuba musu shi.

Daga faranti aka koma kan dabba. A 1996 masu bincike a Munich ta Jamus suka ga cewa da zarar an ji wa hifokamfus na ɓera, sashen nan na ƙwaƙwalwa da tunawa ta dogara da shi, rauni da guba, sai aktibin ya yi tashin gwauron zabo a wurin. Mai shakka zai ce wannan ba hujja ba ce, kuma yana da gaskiya, domin a bakin gobara ana iya samun mai kashe ta, ana iya samun wanda ya cinna ta. Gwajin da ya raba gardama ya zo a 2000, daga ƙungiyar Christian Alzheimer. An riga an san wani furotin, bFGF, yana kare ƙwayoyin hifokamfus daga wannan guba. Sai suka haɗa shi da folistatin, wanda aikinsa shi ne ya damƙe aktibin ya hana shi taɓuka komai. Kariyar ta ɓace, ƙwayoyin suka mutu. Da aka ba da aktibin shi kaɗai kuwa, suka tsira. A ganina wannan ya isa a ce ƙwaƙwalwa na da nata garkuwar da take ɗagawa idan an taɓa ta.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta da saurin amsa. A irin waɗannan gwaje-gwaje, da waɗanda aka yi kan ɓeraye masu alamun cutar Huntington ko Parkinson, kai tsaye ake zura aktibin cikin ƙwaƙwalwa, dab da lokacin raunin. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa sai bayan sa'o'i yake isa asibiti, mai Parkinson ya yi shekaru yana asarar ƙwayoyi kafin hannunsa ya fara rawa. Ga shi kuma aktibin babban furotin ne, ba ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, kuma idan ya yi yawa a sauran jiki yana zaftare tsoka, yana haddasa tabo a gaɓoɓin ciki. A 2015 aka gano shi ne ke tunzura wata cuta ta gado da ke mai da tsoka ƙashi. Illar yawansa a jiki ce ta sa sotatercept, maganin da Amurka ta amince da shi a 2024 don hawan jinin jijiyoyin huhu, ya kasance tarko ne na kama aktibin. Maganin da zai ƙara shi a ƙwaƙwalwa kaɗai, ba tare da ya malala cikin jini ba, har yanzu bai bar ɗakin gwaji ba.