Ciwon suga nau'i na ɗaya da tseren keke mai dogon zango: Yadda ake haɗa su

Ciwon suga nau'i na ɗaya cuta ce da garkuwar jiki ke lalata ƙwayoyin da ke samar da sinadarin insulin a fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi. Idan babu insulin, sukarin abinci yakan taru a jini maimakon ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Galibi tana bayyana ne a ƙuruciya ko samartaka, kuma ba shan zaƙi ke haddasa ta ba. Mai ita na buƙatar allurar insulin kullum har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka, akwai masu ita da suka mayar da tseren keke sana'a.

Waɗanda suka share fage

A Toronto ta ƙasar Kanada aka gano insulin a 1921, aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarta a Janairun 1922. Kafin nan, cutar takan kashe mai ita cikin ɗan lokaci.

A 2005, Phil Southerland, Ba'amurken da aka gano yana da cutar tun yana wata bakwai a duniya, ya haɗu da Joe Eldridge suka kafa ƙungiyar Team Type 1. Ƙungiyar ta lashe rukunin mahaya takwas na gasar ratsa Amurka, mai tsawon kusan kilomita 4,800, a 2007 da 2009 da 2010. A ƙarshen 2012 ta koma Team Novo Nordisk, inda kowane mahayi ke ɗauke da cutar.

Abin da ke faruwa a jikin mahayi

Tsokar da ke tuƙi na sa'o'i tana zuƙar sukari da sauri. Jikin mai lafiya yakan rage insulin da kansa, amma wadda aka yi ta allura ba ta janyuwa. Saboda haka sukari na iya faɗuwa ƙasa da 3.9 a ma'aunin mmol/L, wato 70 a ma'aunin mg/dL. Alamominsa su ne makyarkyata da zufa da jiri da rikicewar tunani, kuma yana iya kaiwa ga suma. Matakin gaggawa shi ne shan kimanin giram 15 na sukari, a sake gwaji bayan minti 15.

Gudun ƙure ƙarfi na ƙarshen tsere da fargabar gasa kuwa sukan ɗaga sukari. Haɗarin faɗuwarsa kuma yakan biyo mahayi har cikin barcin daren da ya yi tseren. Shi ya sa ƙwararru ke fara tuƙi sukarinsu na tsakanin 7 da 10, suna cin giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko zaƙi kowace sa'a, tare da rage insulin bisa tsarin likita.

Gasar duniya na da nata sharaɗin. Insulin na cikin jerin abubuwan da hukumar WADA ta haramta wa 'yan wasa, don haka dole mai cutar ya nemi izinin amfani da ita saboda lalura.

A kan hanyar Kano ta Kudu

Hanyar da ta bi ta Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ta dace da atisayen dogon zango, haka ma kewayen madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji da tsaunukan Riruwai. Keke kuma ba baƙo ba ne a Kiru da maƙwabtanta, domin da shi ake zuwa gona da kasuwa da makaranta. Sai dai abubuwa uku na ƙara wa mai cutar nauyi a yankin.

Na farko zafi. A bazara yakan haura digiri 40, yana hanzarta aikin insulin a jiki, yana kuma lalata ta a kwalba. Wadda ba a buɗe ba tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Inda babu lantarki, akan dogara da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana rage zafi, amma ba ta kai firiji ba.

Na biyu nisa. A tsakiyar Falgore taimako na nesa, don haka mahayi ba ya shiga shi kaɗai, kuma ba ya rabuwa da dabino ko sukari da na'urar gwaji. Na uku azumi. Ƙa'idojin likitoci sun sanya masu wannan nau'i cikin waɗanda azumi ke da babban haɗari gare su, shari'a kuma ta yi wa mara lafiya rangwame.

Inda siyasa ta shigo

Waɗanda suka mallaki haƙƙin insulin sun sayar wa Jami'ar Toronto shi a 1923 kan dala ɗai-ɗai, domin ta wadatu ga kowa. Nijeriya kuwa shigo da ita take yi, kuma faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta ɗaga farashin magungunan waje. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga 'yan ƙasa, Kano kuma na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KSCHMA.

Ma'aunin waɗannan dokoki ga matashin Doguwa ko Bebeji mai sauƙi ne: ko zai samu insulin da tsinken gwaji a babban asibitin ƙaramar hukumarsa, ko sai ya biya kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan tambaya ce da masu zaɓe a mazaɓun Kiru/Bebeji da Doguwa/Tudun Wada ke da damar yi wa wakilansu, domin sai an samu allurar yau kafin a yi maganar tseren gobe.